Shuɗin Zare a Ɗakin Malam

Tun da Habi ta fita takaba ba ta ƙetare zaure ba. Ba wanda ya hana ta. Ƙafafunta ne, da sun kai bakin ƙofa ta ji hayaniyar mutane a waje sai su ƙi gaba. Takan dafa bango ta ce ta manta wani abu a ɗaki, ta juya. Mutanen gidan sun gane, har sun daina tambayarta abin da ta manta.

Abin ya faro ne wata ranar kasuwa, bayan an gama yankan gero. Ita da mijinta Malam Usmanu suna rumfar masu gishiri aka ji harbi ta wajen da ake sayar da shanu. Kasuwa ta watse. Habi ta yi tuntuɓe da igiyar rumfa ta faɗi, ƙafafun mutane suna bi ta kanta. Malam ya riga ya kai bakin lungu, ya waiwaya bai gan ta ba, ya dawo ya ɗaga ta. Ita ta kai gida da ƙafarta. Shi sai da la'asar aka kawo gawarsa a mota.

Ɗakinsa kuwa ta rufe, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Da aka zo rabon gado ta roƙi ɗansu Muntaka a bar mata ɗakin yadda yake, ya bar mata. Ba wani abin duniya a ciki. Gado ne da buzu da buta da malafa, sai wata babbar randa a tsakar ɗaki. Malam ya zaɓi dogayen zangarniyoyi ya sussuke, ya cakuɗa tsabar da toka saboda ƙwari, ya zuba a randar, ya liƙe bakinta da laka a safiyar kasuwar nan. Ya ce a bar ta nan lakar ta bushe, in ya dawo ya matsar da ita lungu. Irin shukar bana ke nan.

Kafin ya rasu ya biya musu kujerar Makka su biyu. Tasa aka mayar wa Isah, ƙanen Habi, don ya raka ta. Tata ce ta tsaya ba a san inda ta dosa ba.

Wata Asabar cikin bazara, ana zafin da ko kaji ba sa fitowa daga ƙarƙashin rumbu, ɗan kabu-kabu ya sauke Basira a ƙofar gida. Ɗiyar Isah ce, tana taimaka wa mata maniyyata a wurin bita a Sabon Birni. Ta shigo rungume da kwali, ta durƙusa ta gaida Habi.

"Gwaggo, Baba ya aiko ni. Jibi Litinin za a yi ma maniyyata allura. Wanda bai je ba, kujerarshi wani za a ba."

"A ba shi, Allah ya sa ya yi karɓaɓɓe," in ji Habi. "Ni da ban iya kai kaina bakin rijiya, ni za a kai cikin mutanen duniya duka? In na faɗi can, wa za ya dawo ya ɗauke ni?"

Basira ta buɗe kwalin ta ciro wani farin abu kamar rabin ƙwarya, da maɗauri a bayansa.

Hajiya Binta na zaune a gefen tabarma tana ɓarar gyaɗa. Taubashiyar Habi ce, tare suka tashi, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ita ta je Makka tun da daɗewa, haƙorin zinarenta ya fara dusashewa. Ta leƙo ta ce, "Wanga takunkumi, na raƙumi ne ko na jaki? In na jaki ne ya dace da Gwaggonki."

"Tabarau ne, Hajiya. Da shi muke koya ma tsofaffi ɗawafi. In kin sa, sai ki gan ki cikin Harami, ga Ka'aba ga jama'a, alhali kina gida. Aro anka ba ni, gobe za ni maida shi."

"Ya rufe mani ido in yi ta karo da bango?" in ji Habi.

Basira ta ce a'a. Ta nuna mata wasu ƙananan idanu baƙaƙe a goshin abin. Ta ce kafin a fara, da su yake duba wurin da kansa, ya gane inda bango yake da inda kaya suke, sannan ya zana iyaka a ƙasa. Muddin mutum na cikin iyakar ba abin da zai buge shi. In ya matsa kusa da bakinta sai wata raga ta taso a gabansa ta tsayar da shi.

Binta ta yi ta zuga Habi, tana cewa matsoraciya tun tana yarinya, ko kwaɗo ya yi tsalle sai ta haye turmi. Don a rufe bakin Binta ne kawai Habi ta ce to.

Aka jira rana ta yi sanyi, don Basira ta ce hasken rana na ƙona gilashin ciki. Bayan la'asar suka fito inuwar dogon yaro da ke tsakar gida. Halimat matar Muntaka da Kadijatu matar ƙanensa suna daka a wurin. Basira ta ɗora tabarau a kanta ta ce, "Bari ya ɗauki wurin."

Jin an ce ɗauka, Halimat ta saki taɓarya. Ba ta da mayafi a jiki, ga dusa har gira. Kadijatu ta dubi tsakar gida ta ga kwanoni a warwatse da tabarmar yara da akuya kwance. Ta ce wallahi ba za a kai hoton gidansu Sabon Birni a haka ba, a ce matan gidan Malam ƙazamai ne. Kafin Basira ta gama daidaita maɗauri sun mirgina turmi bayan ɗaki, sun kwashe kwanoni, sun kori akuya, su ma sun shige madafa suna leƙe. Tabarau ya duba ya ga fili fetal kamar an share don saukar baƙi. Ya zana iyaka mai faɗi, tun daga gindin bishiya har kusa da rumbu.

"An gama," in ji Basira.

Ta juya tana ɗaura wa Habi abin a kai, tana gyara mata kallabi. Su kuwa matan da suka ji an gama sai suka fito. Tuwon dare bai jiran kowa, kuma inuwa guda ce a gidan. Suka mirgino turmi suka mayar da shi mazauninsa, suka tsaya kallo.

Da farko Habi duhu ta gani. Sai ƙasa ta zama fari tas kamar an zuba nono, fitilu suka kama ta ko'ina. Ba ta kai ga ɗaga kai ta ga Ka'aba ba. Mutane ta gani, fararen kaya iya ganinta, kafaɗa da kafaɗa, suna tahowa ta inda take, muryoyinsu sun cika mata kunne. Ta duba ƙasa ba ta ga ƙafafunta ba. Ta ja da baya da sauri, ta ƙara ja, ba wata raga da ta taso. Ƙugunta ya daki turmi, ta tafi da shi ƙasa, gero ya watse.

Basira ta fizge tabarau daga kan Habi. Habi ba ta yi kuka ba. Tana kwance cikin gero, gwiwar hannunta ta kurje, tana kallon ganyen dogon yaro.

"Kun gani," ta ce.

Halimat ta durƙusa tana kaɗe mata zane. "Inna, ki yafe muna. Mun ɗauka kamar hoto ne, in an ɗauka an gama."

"Laifina ne, ban yi maku bayani ba," in ji Basira. "Abin da ya gani shi ya riƙe. Bai san kun maido turmi ba."

Habi ta tashi da ƙyar ta shige ɗaki. Binta ta tattara gyaɗarta ta tafi gida.

Washegari da sassafe Habi na kan sallaya ta ji muryar Muntaka ta bayan katanga, yana magana da maƙwabcinsu ƙasa-ƙasa. Yana cewa an ga hadari ta gabas kwana biyun nan, an ce har an yi yayyafi wajen garin Isa. Yana tunanin ya je Turba wurin wani abokinsa ya samo iri. Maƙwabcin ya ce ina na Malam, ai irinsa ba irinsa a nan Unguwar Lalle. Muntaka ya ce, "Yana ɗaka. Ban iya tambayar Inna."

Habi ta taɓa kullin da ke bakin zanenta.

Da hantsi Binta ta dawo da man zafi. Ta sa Habi ta kwanta, tana murza mata ƙugu ba tausayi. Basira na bakin ƙofa tana mayar da tabarau cikin kwali, idanunta sun yi ja.

"Turmin dai lafiya lau yake, na duba shi," in ji Binta. "Ke ɗiyar Isah, wanga abu naki ba shi aiki sai inda ba mata?"

"Wuri yake so wanda ba a taɓa komi bayan ya duba, Hajiya. Tsakar gida ba ta yi. Yanzu akuya, anjima yaro."

"Ɗakin Gwaggonki kuma kin gan shi, kwalla bisa kwalla, ko kyanwa sai ta karkace." Binta ta goge hannunta a zane, ta dubi rufaffiyar ƙofar da ke daura da su. "Gidan ga wuri guda na sani wanda ko tsinke bai motsa ba tun kaka."

Basira ta sunkuyar da kai. Habi ta tashi zaune. Binta ta zaci faɗa za a yi, har ta gyara zama. Sai ta ga Habi na kwance bakin zanenta.

Ƙofar ta yi ƙara kafin ta buɗe. Ɗakin na nan da warinsa na da, toka da fata da ɗan turaren da yake shafawa ranar Juma'a. Yanar gizo ta haɗa malafa da bango. Randar na tsakiya, inda ya bar ta.

Basira ta ɗaga tabarau za ta sa, Habi ta miƙa hannu. "Kawo. Ba mai duba ɗakin ga da wanga abu sai ni."

Wannan karon ba duhu. Ɗakin ta gani ta cikinsa, sai dai ya ɗan yi dishi-dishi kamar ana kallonsa ta bayan mayafi. Ta ɗaga hannunta ta gan shi. Basira ta ce ta juya kanta a hankali, ta dubi kowane lungu, ta dubi ƙasa. Duk inda ta duba sai ƙananan ɗigo su bazu a wurin kamar an watsa gero. Suka hau bango, suka hau gado, suka lulluɓe buta. Watanni ta yi tana gudun kallon kayan nan, yau ga shi an ce ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, ta kuwa kalla.

Sai wani shuɗin zare ya fito a ƙasa daga wajen ƙafarta. Ya bi gindin bango yana tafiya da kansa kamar ruwa na neman hanya. Ya kai ƙafar gado ya karkata. Ya kauce wa buta. Ya tuna mata da layin gambar da Malam ya dasa a iyakar gonarsa, wadda ko da ido rufe yakan ce ya san inda tasa ta tsaya. Da zaren ya iso randa sai ya kewaye ta, ya matse, ya koma ja.

Basira na ganin komai a wayarta. Ta ce, "Gwaggo, ya ce wurin bai isa ba. Akwai abu a tsakiya."

"Na gani. Ba makauniya ba ce ni."

Ta cire tabarau ta miƙa mata, ta durƙusa gaban randar. Lakar bakin ta bushe ta yi fari. A kanta ga shatin yatsun Malam inda ya danna ya zagaye, har da na babban yatsansa mai karkataccen farce. Habi ta sa nata yatsun cikin ramukan. Sun yi mata yawa. Ta zauna a haka har Basira ta fita waje ta ba ta wuri. Binta ba ta fita ba, ta tsaya tana kallon rufin ɗaki, tana jan hanci tana cewa ƙura ce.

"Binta, kama mani," in ji Habi.

"Da wanga ƙugu naki?"

"Kama dai, ke da kinka ci naman raƙumin Makka."

Randar ta yi nauyi. Suka karkata ta suna juya ta a kan gindinta kaɗan-kaɗan, Basira ta dawo ta tallafi bakin. A dokin ƙofa sai da Halimat da Kadijatu suka sa hannu aka ɗaga. Suka ajiye ta a inuwar bango. A tsakar ɗaki ta bar zagayen shati mai tsabta cikin ƙura.

"To ya sake dubawa," in ji Habi. "Kada ya riƙe na ɗazu." Ta juya wajen Halimat. "Ke kuma tsaya bakin ƙofa. Ko kaza kada ta shigo. Turminki ma ki gaya mashi."

Halimat ta rufe baki da gefen zane tana dariya.

Zaren ya sake fita, ya bi bango, ya kauce wa gado, ya ratsa ya dawo ya haɗe, shuɗi tun daga farko har ƙarshe. Binta ta haye gado ta naɗe ƙafafu don kada ta shiga iyaka. Basira ta tsaya a lungu ta ce, "Za ni buɗe, Gwaggo. In kin ji ba ki iyawa, ki ce mani."

Farar ƙasar ta dawo, jama'ar suka dawo. Wani dogon mutum ya taho daf da ita, ta ja da baya, ta ƙara ja. Sai ga raga ta taso a gefenta, shuɗiya, tun daga ƙasa har sama da kanta, mutanen suna wucewa ta bayanta. Ta tsaya cak. Ta miƙa hannu ta cikin ragar a hankali, tafinta ya sauka a kan bangon ɗakin Malam, mai sanyi, daidai inda aka ce yana nan. Ta tsaya dafe da shi tana numfashi. Da ta matsa gaba taku ɗaya ragar ta ɓace.

"Ɗaga kanki mana," in ji muryar Binta daga kan gado. "Tun Unguwar Lalle kinka zo kallon ƙafafun mutane?"

Ta ɗaga. Ga Ka'aba nan, baƙa, ta fi yadda take a hoton kalandar da ke zaure girma nesa ba kusa ba, zinaren rubutunta na sheƙi. Malam yakan ce in suka je, shi dai a bar shi ya zauna ya yi ta kallo har a kore shi.

"Ki bar ta hagunki," in ji Binta. "Hagu, Habi. Hannun da ba ki cin tuwo da shi."

Ta fara takawa. Ɗan zagaye take yi a tsakar ɗaki, hoton kuwa na tafiya da ita cikin jama'a. Sau biyu ragar ta taso, sau biyu ta gyara hanya. Daga baya ta lura mutanen nan ba gudu suke ba. Kowa tafiya yake a hankali, fuska guda aka dosa, wata tsohuwa ma a keke ake tura ta, wani ya saɓa ɗiyarsa a wuya. Binta na karanto addu'a Habi na amsawa. Tana cikin zagaye na ƙarshe ta ambaci sunan mijinta a fili, sunan da ba ta taɓa kira ba tun ranar da aka kawo ta gidan nan, ta roƙa masa gafara.

Da aka cire mata tabarau fuskarta ta jiƙe, gumi da hawaye ba a bambancewa. Shatin maɗaurin ya kwanta mata a goshi.

"Takunkumin ya karɓe ki," in ji Binta.

Bayan azahar ɗan kabu-kabu ya zo yana danna oda a waje. Basira ta yi sallama ta sunkuya za ta ɗauki kwali, Habi ta riga ta. Ta ce ai baƙo a kan raka shi. Ta yafa mayafi ta yi gaba, Basira da Binta na biye suna satar kallon juna.

A bakin zaure hayaniya ta taso, yara na wasa, masu tallar fura, wani na jayayya da mai baro. Ƙafafun suka tsaya inda suka saba tsayawa. Habi ta dafa bango da hannu guda. Ta dubi ƙasa, ta dubi hanya har inda babur ɗin yake, ta ga ba igiya ba turmi. Ta ɗauke hannunta daga bangon ta taka.

Muntaka na zaune a dakali da abokansa. Da ya ga uwarsa a waje sai ya miƙe tsaye, hularsa a hannu.

Habi ta miƙa wa Basira kwalin bayan ta hau. "Ki ce ma babanki ya zo da wuri gobe. Ban son a yi mani allura cikin zafin rana."

Sannan ta juya wajen ɗanta. "Ba sai ka tahi Turba ba. Irin na nan gindin bango. Amma in za ka buɗe, kada ka fasa lakar bakin. Ka bi gefe da wuƙa a hankali, ka ɗago ta ɗungum ka kawo mani."